Ranar da Manjo Rodney Ya Ci Kansa da Yaƙi

Rodney Tibbett bai taɓa kwana a bariki ba ko sau ɗaya. Shekara talatin da huɗu ya yi a gidan waya yana buga hatimi a bayan kanta, har ya yi ritaya. Amma a ƙungiyar masu wasan sojojin dalma ta garinsu, wadda shi ya kafa shekara ashirin da shida da suka wuce, Manjo ake ce masa. Da farko zolaya ce, shi kuwa gogan ya karɓa hannu bibbiyu, ya je gwanjo ya sayo koriyar hular soja, ya tara gashin baki. Tun daga nan in ka ce Rodney ba ya waiwayowa.

Su bakwai ne. Duk Alhamis da yamma suna haɗuwa a ɗakin sama na wata mashaya, su jera 'yan sojojin da ba su kai rabin ɗan yatsa ba a kan tebur, su yi ta awo da rula suna jefa ƙwayar ludo, suna sake buga yaƙe-yaƙen da Ingila ta yi a ƙasashen da ta mallaka gab da ta tattara komatsanta. Kwatsam aka sayar da mashayar. Suka bi gari lungu-lungu suna neman ɗaki, ko'ina a ce musu babu. Wuri ɗaya ya rage, zauren da ke bayan tashar jirgin ƙasa, na tsofaffin sojojin Gurkha, wato mutanen wata ƙasa mai nisa da suka yi wa Ingila aikin soja. Shugaban zauren, Kyaftin Tek Bahadur Limbu, ya ce su zo ranar Asabar ta sama su yi wasa ɗaya a gaban kwamiti, in abin ya yi ma'ana a ba su mabuɗi. In bai yi ba, ƙungiya ta mutu ke nan, kuma duk faɗin duniya babu sauran inda za a ce wa Rodney Manjo, don a gida ko kyanwarsa ba ta jin maganarsa.

Aka zauna shawara a kicin ɗin Wilf Oddie, abokin Rodney tun suna yara, mutumin da bai iya cewa a'a ba. Pauline Garside, wadda ta fi su duka iya wasa da iya fenti, ta ce, "Mu yi abu ƙarami mai tsabta. Tebur ɗaya, minti arba'in, a sha shayi a watse."

Rodney ya yi dariya ta hanci. "Ƙarami? Gaban Gurkha? Haba Pauline, ke fa matsalarki ba ki da hangen kwamanda. Malaya za mu kai musu! Kurmi, kogi, ƙauye, jirgin yaƙi a sama. Sai tsofaffin nan sun yi hawaye sun ce, Manjo, a ina ka san duk wannan?"

"To a ina ka sani?"

"Littafi goma sha ɗaya na karanta."

"Bangon baya ko na gaba?"

Wilf ya yi maza ya miƙo biskit don a kashe maganar. Rodney ya bugi ƙirji ya ce a bar masa komai, shi zai gina filin, shi zai rubuta dokokin wasa, shi zai ja rundunar gwamnati. Abu ɗaya yake buƙata, 'yan sojojin dalma na Gurkha arba'in da takwas da Pauline ta yi shekara biyu tana yi wa fenti da burushi mai gashi uku, tana kallon tsofaffin hotuna. Ba ta so ba, amma ta bayar don ƙungiya. Ta ce, "Manjo, ka jera su kawai. Kar ka shafa musu komai, kar ka fesa musu komai. Ko numfashi mai ƙarfi ban yarda ba."

"Ni za ki koya wa kula da sojoji?" in ji shi.

Washegari ya shiga gareji ya ƙwanƙwasa katako mai tsawon ƙafa goma sha biyu, faɗi shida, falle ɗaya. Ya ce ciyawar roba ta yara ce, shi ta gaske zai sa. Ya ɗauki bokiti ya nufi dajin bayan gari ya kankaro gansakuka daga jikin itatuwa, da ruɓaɓɓen ganye, da duk abin da ke maƙale a ciki. Maƙwabciyarsa Madam Hatchard ta leƙo ta kan shinge ta gan shi tsamo-tsamo da taɓo.

"Malam Tibbett, lafiya? Ko kabari kake haƙa?"

"Tarihi nake ginawa, Madam."

"To tarihin nan naka yana wari. Na shanya kaya."

Kogi kuwa da wani gam ake yin sa, ruwa biyu da ake haɗawa daidai wa daida su daskare kamar gilashi. A jikin kwalbar an rubuta a auna da sikeli. Rodney ya ce sikeli na masu koyo ne, ya yi awon ido, ya juya da cokalin matarsa, ya kwarara. Saman ya yi fata yana ƙyalli, ya dangwala yatsa a hankali ya ce ya yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ƙarƙashin fatar nan gam yana nan ruwa-ruwa kamar zuma.

Ranar Juma'a da safe aka tashi da yayyafi. Don kar gansakuka ta bushe, ya kunna butar shayi a gareji tana ta huci. Ya jera Gurkha a kan tire, ya ƙura musu ido, ya ga wai suna ɗan ƙyalli. Soja a kurmi ba ya ƙyalli, in ji shi. Ya ɗauko gwangwanin banish mai kashe ƙyalli. Duk wanda ya yi wata uku a wannan sana'a ya san ba a fesa banish cikin laima, amma Rodney ba wata uku ya yi ba, shekara ashirin da shida ya yi yana kallon wasu suna aiki yana ba su shawara. Ya fesa, ya ƙara, ya je ya sha shayi. Da ya dawo sai ya tarar da Gurkha arba'in da wani abu sun yi fari fat, kamar an tsamo su daga buhun fulawa. Ya yi maza ya ɗauko ɗaya. Ya goga da tsumma, ya hura da baki, ya sake fesawa ko na biyu zai kori na farko, abin ya ƙara fari. Ya zuba su a akwati ya rufe ya ce gobe ma rana ce.

Asabar da hantsi Wilf ya kawo motar ɗaukar kaya. Da ƙyar da jiɓin goshi suka kai katakon bakin zaure, nan fa aka tsaya cirko-cirko. Ƙofar faɗinta ƙafa uku.

"Manjo, ka auna ƙofar kuwa?" in ji Wilf.

"Kwamanda ba ya auna ƙofa. A karkata shi!"

"Kogin fa?"

"Ya daskare kamar dutse. Ɗaga!"

Aka karkata. Fatar kogi ta fashe, gam ya gangaro a hankali, ya bi ta gonar itatuwan roba da ya shirya a gefen kogin, ya shiga ƙauye, ya tsaya a ƙofar ofishin 'yan sanda. Pauline ta tsaya tana kallo hannu a ƙugu.

"Ambaliya ce," in ji Rodney. "Da gangan na yi. Malaya ƙasar ruwa ce."

A cikin zaure tsofaffi tara ne zaune a jere, kowa da kwat mai guga da lambobin yabo a ƙirji, matansu biyu suna ta zuba shayi mai madara. Kyaftin Limbu ɗan gajere ne, shekararsa ta haura saba'in, ba ya yawan magana. Rodney ya ƙame ya sara masa har hular gwanjo ta karkace. Kyaftin ya dubi hannun, ya dubi hular, ya ce, "Sannu da zuwa. A zauna lafiya."

Rodney bai zauna ba. Ya ɗauki sanda ya shiga lacca. Ya gaya wa Gurkha yadda Gurkha ke tafiya a kurmi. Ya gaya musu abin da suke ci. Ya nuna musu yadda ake riƙe wuƙarsu, da sandar nuni. Wani tsoho mai kunne ɗaya ya sunkuya ya raɗa wa na kusa da shi magana da harshensu, kafaɗunsu suka fara rawa. Rodney ya ɗauka motsuwar zuciya ce, ya ƙara murya.

Da aka zo jera sojoji sai ya ja akwatin gefe yana ɓoye shi da jikinsa. Ina! Pauline ta riga ta hango. Ta matso, ta ɗauki ɗaya, ta juya shi a tafin hannu. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi ihun da ya fi masa sauƙi.

"Me ka fesa musu?"

"Hazo ne. Hazon safiya a kurmi, dabara ce ta ƙwararru."

"Shekara biyu, Rodney."

"Manjo," ya gyara mata.

Ta dube shi daga hula har takalmi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta ce, "To, Manjo. A yi wasa."

Wani daga cikin tsofaffin ya sa tabarau ya leƙa. "Waɗannan su wane ne?"

"Ku ne, ranka ya daɗe."

"Mu? Yaushe muka zama Turawa? Da mun sani da mun nemi albashinsu."

Zaure ya ɗauki dariya. Rodney ya yi tari ya buɗe kundin dokoki, shafi sittin da huɗu, duk rubutunsa. Tsarin shi ne, shi zai ja rundunar gwamnati a fili, Pauline kuma tana da 'yan sari-ka-noƙe goma sha biyu waɗanda ba a ɗora su a tebur sai an gano su. Za ta rubuta inda ta ɓoye su ta sa a ambulan ta ba alƙalin wasa, wato Wilf. Ta rubuta layi biyu, ta liƙe, ta miƙa, ta koma ta zauna ta harɗe ƙafa.

Aka fara. A dokar Rodney soja inci biyu yake tafiya a kurmi kowane zagaye, kuma ba a ganin abokin gaba sai an jefa ƙwaya uku duk sun ba da shida. Ya ce haka gaskiyar tarihi take. Ya matsa inci biyu, ya jefa, babu. Ya matsa, ya jefa, babu. Rundunar da ya tura ta ƙauye ta taka ambaliya ta kafe, ya ja ɗaya sai ƙafar ta zauna a gam, gangar jikin ta biyo hannunsa. Ya sa shi a aljihu ya ce ya tafi hutu.

Zauren da ɗumi, an kunna na'urar ɗumama ɗaki saboda tsofaffi. Gansakuka ta ji ɗumi, masu gida suka farka. Wani ƙaton dodon koɗi marar kwanso ya fito daga ƙarƙashin bishiya, ya nufi sahun gaba a natse, ya hau kan wani kofur ya zauna. Na biyu ya biyo shi. Tsoho mai kunne ɗaya ya tafa hannu.

"Yawwa! Wannan kam gaskiya ne. Matsattsakun can ma haka suke, sai dai ba su kai girman giwa ba."

"Ga abokan gaba ka samu, Manjo," in ji Pauline. "Ka kai hari kafin su gudu."

Awa ɗaya da rabi ana abu ɗaya. Shayi ya huce, tsofaffi biyu sun yi barci, ɗaya daga cikin matan ta fito da saƙa. Kyaftin Limbu ya dubi agogo, kuma Rodney ya ga ya duba. Zufa ta karyo masa, don ya san mabuɗin nan yana neman suɓucewa. Ya buga sanda a ƙasa.

"Na gano su! Suna ƙarƙashin tsaunin can, jikina ya ba ni. A kira jirgi!"

Jirgin yana rataye da igiyar kamun kifi a bakin wata doguwar gora da ya ɗaure a jikin kujera. Ya juyo shi bisa tsauni yana yi masa kuka da baki, dattijo mai jikoki uku. Ya jefa ƙwaya. Ɗaya.

Wilf ya lashi yatsa ya buɗe kundi. "Shafi na arba'in da ɗaya. In ƙwaya ta ba da ɗaya, matuƙi ya ɓata, bam ya sauka a kan rundunar gwamnati mafi kusa."

"Wane sakarai ne ya rubuta wannan?"

"Rubutunka ne, Manjo. Har ka ja layi biyu a ƙarƙashi."

"Teburin ya karkace. A sake!"

Pauline ta ce, "A bar shi ya sake, don Allah. Ni ban ƙi ba."

Ya hura wa ƙwaya iska, ya girgiza, ya jefa. Ɗaya. Wilf ya ƙara karantawa da muryar mai ta'aziyya, cewa in aka maimaita ɗaya to jirgin ya juyo ya sake zuba wa sauran. Aka lissafa. A cikin Gurkha arba'in da wani abu, babu wanda ya tsira sai wanda ya tafi hutu a aljihu.

Rodney ya ce ƙarya ne, nisan bai kai ba, a ba shi rula. Ya miƙe bisa tebur zai auna, tumbinsa ya kwanta a kan gonar roba, gwiwar hannunsa ta bugi gora, jirgi ya sulmiyo ya nutse da ka a cikin kogi. Ya yunƙura zai tashi sai ya ji an riƙe shi ta wuya. Laktayen da ya ɗaura ya kwanta cikin gam. Ya ja, rabin ƙauye ya taso ya biyo shi, bukkoki uku da ofishin 'yan sanda suna lilo a ƙirjinsa. Ya koma, hular gwanjo ta faɗa kan dodon koɗi. Haka ya tsaya a duƙe, gindi sama, yana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, har mai saƙa ta taso da almakashi ta yanke laktayen daga maƙogwaro. Masu barci sun farka, tsoho mai kunne ɗaya yana share hawaye da hankici.

Rodney ya miƙe da guntun ƙyalle a wuya. Ko a nan bakin bai mutu ba. "Duk da haka na rutsa su. Suna ƙarƙashin tsaunin nan. Wilf, buɗe ambulan kowa ya gani!"

Wilf ya buɗe, ya karanta a zuci, ya dubi abokinsa da tausayi.

"Karanta mana!"

"Ta ce, mutanena suna can bayan iyaka suna noman rogo. Za mu shigo in Manjo ya gama da kansa."

Pauline ta sa ƙafa ta turo wani ƙaramin akwati daga ƙarƙashin kujerarta. Ko buɗe shi ba a yi ba. "Shafi na goma sha biyu," ta ce. "Ka ce 'yan sari-ka-noƙe suna iya ƙin fitowa in sun ga dama. Sun ga dama."

Wannan karon har Kyaftin Limbu sai da ya yi dariya, gajeriya. Sannan ya taso, zaure ya yi tsit. Ya zagaya tebur a hankali yana duban ɓarnar. A cikin akwatin Gurkha, can a kusurwa ƙarƙashin auduga, akwai guda ɗaya da Rodney bai gani ba ranar feshi. Kyaftin ya ɗauko shi ya kai kusa da ido. Fuska launin ƙasa, hula mai faɗin baki a karkace, rigar ta jiƙe da zufa a tsakiyar baya, har da ɗan tawul a wuya. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Kyaftin," in ji Pauline.

"Mahaifina ya yi shekara uku a kurmin nan. Haka yake ɗaura tawul. Bai taɓa ba mu labarin jarumta ba, yunwa yake faɗa, da ruɓewar ƙafa, da mutanen ƙauye da aka kwashe daga gonakinsu suna kuka." Ya ajiye ɗan sojan a tafin hannunta a hankali. Ya zaro mabuɗi daga aljihu ya ɗora kusa da shi. "Alhamis, ƙarfe shida. Ke za ki riƙe. Wasu daga cikinmu za su zo ki koya mana fentin."

Wilf ya saki ajiyar zuciya. Rodney kuwa nan take ya farfaɗo, ya gyara gashin baki, ya matso yana murmushi. "Ka gani ko, Wilf? Na ce muku Malaya ce za ta yi aiki. Kyaftin, a madadin rundunata, ni Manjo Tibbett ina..."

"Manjo na wace bataliya?" in ji Kyaftin.

Ya yi tambayar ne a hankali, kamar mai tambayar hanya. Tsofaffi tara suka zuba ido suna jira. Rodney ya buɗe baki, ya dubi Wilf, Wilf ya dubi ƙasa.

"Gidan waya," in ji Rodney, da wata 'yar murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

"Aiki ne mai kyau, wasiƙunmu suna zuwa a kan lokaci. Amma ka ga wancan mai kunne ɗaya? Shekara ashirin da biyu ya yi kafin a ce masa Saje. A zauren nan ba ma ara wa kowa muƙami, ko da wasa. Wanda ya yarda da haka, ƙofa a buɗe take." Ya juya ya dubi gam da ke ɗiga a kan daɓen da suke gogewa duk Lahadi. "A share wannan kafin ƙarfe huɗu, muna da taro."

Tsofaffi suka koma wajen shayi, suka kewaye Pauline suna karɓar ɗan sojan hannu zuwa hannu. Rodney ya tsaya shi kaɗai a bakin kurminsa. Ƙungiya ta rayu, abin da ya zo nema ke nan, amma ji yake kamar an yi masa fashi da tsakar rana. Ya jira ko wani zai zo ya ce masa wani abu. Wilf ne ya zo, abokinsa na shekara sittin, da bokiti a hannu ɗaya, ɗaya hannun a bayansa.

"Rodney," ya ce, "ungo tsintsiya."

Ya waiwayo, ya karɓa.